Ƙundun Kaza da Katin Tsofaffi

Satin da ya wuce na ji ɗaya daga cikinku, ku 'yan jami'ar nan da kuke zuwa taya ni aiki ranar Asabar, tana gaya wa ƙawarta wai aikin Anti Asabe ai ba aiki ba ne, danna kwamfuta ne, minti goma an sallami mutum. Na ji sarai, kunnena ƙalau yake. Ban tanka ba ne don akwai tsoho zaune a gabana. To yau ruwan sama ya hana kowa fitowa, ku jawo kujeru, ku kife min wayoyin nan a kan tebur. Kallon kitse kuke yi wa rogo, 'ya'yan nan.

Aikina shi ne in shigar da tsofaffinmu inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya nan Amurka, wadda ake ba wanda ya cika shekara sittin da biyar, in kuma shigar da su a kan kari. Mu dai katin tsofaffi muke ce mata. Akwai ɓangaren A, na kwanciya asibiti, wanda yawancin ma'aikata ba sa biyan komai a kansa. Akwai ɓangaren B, na ganin likita da gwaje-gwaje da irin aikin da ake yi wa mutum ya koma ya kwana a gidansa, shi wata-wata ake biyan kuɗinsa. Duk rigimar duniya a B take. Ƙofarsa wata bakwai take yi a buɗe, uku kafin watan da za ka cika sittin da biyar, watan kansa, uku bayansa. In ta rufe kana waje, alhali ka riga ka bar aiki, sai ka jira Janairu zuwa ƙarshen Maris ka yi rajista, kuma a shekarun da nake ba ku labari katin ba ya fara aiki sai Yuli. Ga tara kuma: kashi goma cikin ɗari a kan kowace shekarar da ka yi jinkiri, a ɗora maka a kan kuɗin wata, kana biya har ranar da za a yi maka sutura.

Waɗanda tarkon nan ya fi kamawa su ne 'yan fanshon gwamnati. Mutum ya yi wa birnin nan bauta shekara ashirin, sharar makaranta ce, wankin jirgin ƙasa ne, tura gadon marasa lafiya ne, ya fita da fansho da katin inshorar ritaya a aljihu, sai ya miƙe ƙafa ya ce ya gama da duniya. Bai san ranar da ya cika sittin da biyar wannan katin nasa ya koma ɗan rakiya ba. B ne ke ɗaukar babban kaso, na ritaya ya cike ɗan abin da ya rage. In babu B, babban kason nan aljihunka yake nema.

Ni ba da wannan sana'a na fara ba. Daga Fagge na zo, na yi shekaru ina kula da tsofaffin mutane a gidajensu, wanka da girki da ɗaga mai nauyi, har bayana ya ce ya isa. Wata rana na rako wani maƙwabcinmu ɗan Zinder ofishin nan don in yi masa tafinta, sai mai ofishin a lokacin, Madam Yolanda, wata dattijuwa 'yar Puerto Rico mai tabarau a rataye a wuya, ta ce in dawo gobe. Rabin shekara na yi a kujerar can ta kusurwa, ba ta bar ni na taɓa kwamfuta ba. In yi tafinta, in zuba shayi, in riƙe waya. Na riƙa zaginta a zuciya da Hausa, ita kuma tana yi min murmushi, ina jin ita ma ramawa take yi da nata yaren.

Darasin farko a kan wannan maƙwabcin nawa na koye shi. Na ce, “Baba, shekarunka nawa?” Ya ɗaga kai yana duban silin, ya ce in bai kai saba'in ba to ya wuce sittin, don dai yana da wayo lokacin da aka haƙa rijiyar garinsu. Na juya zan fassara, Madam ta ɗaga min hannu. Ta ce kada in sake tambayar mutum shekarunsa a ofishinta, walat ɗinsa zan tambaya. Gwamnati ba ta san rijiya ba, abin da ke rubuce a kati ta sani. Da ya ciro katin, ɗaya ga Janairu. Na biyu da ya shigo ranar, ɗaya ga Janairu. Madam ta cire tabarau ta ce ita dai tana jinjina wa matan Afirka ta Yamma, akwai tsari, duk rana ɗaya suke haihuwa. Ku kun san dalili, an haifi iyayenku ba takarda, da aka zo yin fasfo ma'aikaci ya rubuta ranar da ta fi sauƙi. Abin da ba ku sani ba, wanda ranarsa ta faɗa ɗaya ga wata, da watan baya ake lissafa shi. Don haka 'yan Janairun nan namu, tun Satumba ƙofarsu ke buɗewa, ta rufe ƙarshen Maris.

Kayan aikina ga su nan kuna raina su. Kalandar bango mai manyan lambobi, don tsoho ya ɗora yatsansa a kan watan da kansa. Madubin ƙara girman rubutu. Abin sawa a kunne, saboda in ka kira ofishin gwamnati sai ka sha kiɗan jira har ka haddace shi, ni har ina wanke-wanke sai in ji ina rera shi. Injin faks ɗin nan da kuke yi wa dariya, ya girme ku, kuma bai taɓa ce min ya manta lambar sirri ba. Sai fulas ɗin shayi mai citta, wanda ya fi su duka aiki, don Bahaushen da bai sha komai a wajenka ba, gaisuwa kawai zai ba ka ya tashi.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda sanyi ya ƙi tafiya, ƙanƙara ta yi ta zuba har cikin Maris. Hitar ɗumama ofis ta mutu, Madam ta yi ritaya ta koma wajen 'yarta, ta bar ni daga ni sai fulas. Mutanenmu da suka shigo ƙasar nan tare suka kama aikin birni tare, a shekarar suka yi ta faɗowa min tare. Wani ya tafi Tamale gina gida, ya dawo ƙofa ta rufe. Wani ya ce shi bai taɓa ciwon kai ba, me zai yi da B, sai ga shi da sanda. Duk na lallaɓa su sun sa hannu, suna tsaki. Wanda ya nemi ya sa min hawan jini shi ne Alhaji Issaka.

Wata safiya cikin Fabrairu ya shigo, dogon dattijo ɗan zangon Kumasi, mazaunin unguwar Morris Heights, da babbar riga a ƙarƙashin jaket, matarsa Hajiya Memuna tana biye. Ya wuce teburina ya tsaya gaban sandar can da nake rataye kwat da gyale, ya yi mata sallama cikin ladabi, har da tambayar iyali da sanyi. Hajiya Memuna ta ja hannun rigarsa.

“Alhaji, ga ta nan ta wannan gefen.”

“Na gan ta,” in ji shi. “Rigar ce ta burge ni.”

Na zuba shayi. Ita ta yi bayani, shi yana gyara zama. Ya yi shekaru yana shara da gyare-gyare a wata makarantar gwamnati, ya yi ritaya lafiya. Yanzu yanar ido ce ta rufe masa idanu, na dama ya tafi, na hagu yana bin sa. Likita ya ce aikin ba wuya, a cire yanar ya kwana a gida, amma kada a ƙara shekara a kai, don tana ƙara tauri. Da suka je wajen masu lissafi na asibiti aka ce ina katin B, na ritaya ba zai ɗauki wannan shi kaɗai ba. Kuɗin da aka faɗa musu, in ji ta, sai da ta nemi kujera. Kuma satin da ya wuce, a tashar jirgin ƙasa mai lamba huɗu, wani bawan Allah ne ya fizgo shi daga bakin dandamali.

Na ce ya ba ni walat. Ɗaya ga Janairu, kamar kowa, amma a takarda shekararsa sittin da takwas.

“Alhaji, shekara uku da suka wuce, kati bai zo maka ta gidan waya ba?”

“Ya zo. Na mayar musu da kayansu.”

“Ka mayar? Saboda me?”

“Kuskure suka yi, Hajiya. Yaya Garba ma bai samu ba, balle ni.”

Na dubi Hajiya Memuna. Ta sauke numfashi irin na matar da ta gaji da labari ɗaya, ta ba ni shi. Malam Garba amininsa ne. Gida ɗaya aka haife su a zango, mako ɗaya, Garba ranar Talata, Issaka ranar Alhamis, tsofaffin matan gidan duk sun shaida. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi karatun allo, tare suka shigo jirgin Amurka. Kwana biyun nan kuwa Garba ya mayar da su gona, yana noma yana ci shekara sittin da ɗoriya. Shi ne gaban mota, shi ne kofin shayi na farko, Issaka ne mai ɗaukar buta. In aka yanka kaza, ƙundu nasa ne, don ƙundu na babba ne, kun sani ko ba ku sani ba. Abin da ba su taɓa lura da shi ba shi ne fasfo. Da za a yi musu, kawunnansu ne suka je suka yi rantsuwar shekaru. Issaka dogo ne, gemu ya fito masa da wuri, kawunsa ya dube shi ya faɗi shekara. Garba gajere ne mai fuskar yara, nasa kawun ya faɗi tasa. A takarda sai Issaka ya girmi yayansa da shekara biyar, kuma ba wanda ya sani, don wa ke buɗe fasfo ya nemi wanda zai ci ƙundu?

Da katin ya zo, Issaka ya yi abin da ƙane ke yi, ya kai wa babba ya duba. Garba ya jujjuya shi ya ce, “Ni da na girme ka ba a aiko min ba. Mayar musu da sauri kafin su ce ka yi wa gwamnati zamba.” Akwai wajen da ake sa alama in ba ka son B. Suka sa, suka liƙa, Garba da kansa ya jefa a akwatin gidan waya, suka tafi shan shayi suna yaba wa juna gaskiya.

Na jawo kalanda na yi masa bayani dalla-dalla. Gwamnati da shekarun takarda take aiki. Ƙofa a buɗe take yanzu zuwa ƙarshen Maris, in ya sa hannu kati zai fara aiki Yuli a yi masa ido. In Maris ya wuce, sai wata shekarar, ga ƙarin tara, ga idon hagu ba ya jira. Tarar shekara uku kuwa ta riga ta hau, kashi talatin. Birni yana mayar wa 'yan fanshonsa kuɗin B, amma ba ya mayar da tara.

“Har yaushe zan biya?”

“Har abada, Alhaji.”

Ya shanye shayinsa, ya lalubi gefen tebur ya ajiye kofi. Na tura masa fom da biro. Ya ture su.

“Ba zan sa hannu ba.”

“Subhanallahi! Alhaji, idonka fa?”

“Hajiya, ki saurare ni. Ko dai Garba ne babba, in jira shi ya fara karɓa, don ƙarami ba ya riga babba sa hannu a akushi. Ko kuma ni ne babba, ya faɗa da bakinsa, in sa hannu. Amma a ce wajen cin ƙundu shi ne babba, wajen biyan tara ni ne babba, wallahi ba da ni ba.”

Ya tashi, ya yi wa sandar riguna sai an jima, suka fita. To, ke mai cewa minti goma, wane maɓalli za ki danna a nan?

Na fara ta inda na saba. Akwai hanyar neman a yafe tara, amma sai in ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ya ba mutum bayanin da ba daidai ba. Na sa abin kunne, na sha kiɗa har ƙafata ta yi sanyi, wata mata ta ɗauka. Ta tambaya wa ya ba shi shawarar mayar da kati. Na ce Malam Garba. Ta ce Mista Garba a wane reshe namu yake? Na ce gado yake turawa a asibitin birni. Na ji tana ƙoƙarin haɗiye dariya, ta ce in yi haƙuri, wannan ba ya cikin doka.

Na aika a kira min Malam Garba. Ya zo daga aiki da rigar asibiti a ƙarƙashin kwat, ɗan gajere mai kuzari, bakinsa ja da goro. Da ya ji batun tara sai ya ce shi zai riƙa biya, ko da zai ƙara awa a wajen aiki. Na ce ba kuɗi abokinka yake so ba, Yaya yake so ka ce masa. Sai ya miƙe tsaye.

“Hajiya, kwana biyun nan Allah ne ya ba ni, ba kawu ne ya rantse min su ba. In mayar da kyautar Allah saboda rubutun wani akawu?”

“Makancewa zai yi, Malam Garba.”

“Haba! Raki ne irin na Issaka. Shekaranjiya tun daga bakin masallaci ya gane ni.”

“Tarinka ya gane.”

Bai yarda ba. Ya ce yaron nan tun suna ƙanana haka yake, in yana son abu sai ya kwanta ciwo. Yaron nan, ku ji fa, mutum mai jikoki.

Muka kai maganar wajen limaminsu. Ya saurari kowa, ya shafa gemu, ya ce gaskiya kowa yana da hujja, ya duba agogo ya ce lokacin salla ya yi. Hajiya Memuna kuma ta yi tata dabarar. Kun san a ƙasar nan ƙundu a leda ake sayar da shi, ba kaza a jikinsa. Ta sayo leda guda, ta soya da yaji, ta cika faranti ta ajiye masa, ta ce ga ƙundun shekara sittin ta biya shi, ya sa hannu a huta. Ya lalubi ɗaya ya shinshina ya mayar. Ya ce ƙundun leda ba shi da girma, wannan ko yaron goye aka ba sai ya ci. Ta kira ni a waya tana kuka tana dariya. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, ba na ɓoye muku, don kalanda ta nuna saura mako guda Maris ya ƙare, kuma na taɓa ganin abin da shekara guda ke yi wa idon tsoho.

A wayar nan ne na tambaye ta, ya aka yi mutumin da suke tare kullum bai san abokinsa ba ya gani ba? Ta ce ai kusan shekara guda ke nan ba su ci abinci tare ba. Duk ranar da Garba ya zo da rana, sai Alhaji ya ce yana azumin nafila. Garba har yabon sa yake yi a masallaci, wai Issaka ya kama ibada. A hanya kuma ya haddace komai, ya san yawan matakalar gidansu, ya san muryar kowa. Kunya ce, ba ya so Garba ya ga yana laluben akushi.

Na ce to, ki gayyace shi cin abinci bayan magariba, mu ga azumin da za a fake da shi. Kuma ki je inda ake yanka kaza mai rai, ki sayo guda ɗaya tak, ki tsaya a kansu kada su jefar da kayan ciki.

Ranar Lahadi na hau bas da fom a jaka. Ta yi tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, ƙamshi tun daga matakala. Aka shimfiɗa musu tabarma a falo, akushi ɗaya, kwanon wanke hannu a gefe. Mu muka zauna a bakin ƙofar kicin, muna yi kamar muna tsince alayyahu. Alhaji ya so ya ce ya ƙoshi, ta ce tun safe bai ci komai ba, kuma baƙo ba ya ci shi kaɗai.

Garba ya yi bismillah, hannunsa ya tafi kai tsaye wajen ƙundu, hanyar da ya saba. Ya ɗauko shi ke nan, Issaka ya miƙa nasa hannun. Ya wuce akushin, ya tsoma cikin kwanon wanke hannu. Ya ciro da sauri, ya ce ai sake wankewa yake yi. Sai ya sa tafinsa a tabarma yana shafawa a hankali, yana neman bakin akushi, fuskarsa tana kallon bango yana murmushi, wai don kada a gane.

Garba ya tsaya da ƙundu a hannu, miya tana ɗiga a kan wandonsa. Ya ɗaga ɗaya hannun ya kaɗa a gaban fuskar abokinsa. Ko ƙiftawa Issaka bai yi ba. Ban taɓa ganin bakin Malam Garba a rufe ba sai ranar. Ya kamo hannun Issaka, ya buɗe tafin, ya ɗora masa ƙundun.

“Bismillah, Yaya.”

Issaka ya matsa abin da yatsu, ya tabbatar na kaza mai rai ne. Ya ce, “Ban ji ba.”

“Likita bai ce kunnenka ya taɓu ba.”

“Akwai shaidu a kicin, su ma ba su ji ba.”

Garba ya juyo wajenmu, idonsa ya yi ja, ya ɗaga murya kamar mai kiran salla. “Na ce bismillah, Yaya Issaka! Allah ya isa tsakanina da kawunka!”

Alhaji ya ci ƙundun nan a hankali, yana taunawa yana gyaɗa kai, sai da ya gama tas ya ce ashe abin ma tauri gare shi. Ya wanke hannu, wannan karon da niyya, ya ce ina takardar. Na ɗora yatsansa a kan layi ya sa hannu. Hajiya Memuna ta shige kicin ta buɗe famfo don kada a ji ta. Washegari ban yarda da faks ba, ban yarda da gidan waya ba, na taka cikin ƙanƙarar da ta narke ta zama taɓo na kai da hannuna, na tsaya sai da aka buga hatimi aka ba ni kwafi.

Kati ya fara aiki Yuli, aka yi idon dama, bayan 'yan makonni aka yi na hagu. Hajiya Memuna ta ce ranar da aka cire bandejin farko, Garba na tsaye a gaban kujera ya matso da fuska. Alhaji ya daɗe yana kallon sa, ya ce, “Wane ne wannan tsohon?” Garba ya ce, “Ƙaninka ne.” Ya ce, “Innalillahi. Ashe haka ka lalace ban sani ba.”

Tara kuwa tana nan, yana biya duk wata har yau. Garba ya sake cewa zai ɗauka, Alhaji ya ce shi ba ya karɓar kuɗin ƙane. Nan Garba ya gano ashe ƙanƙanta ma sana'a ce. In suka shiga gidan abinci a unguwar Harlem sai ya naɗe hannu ya ce Yaya zai biya. Ranar salla shi ne na farko a ƙofa, ya zo karɓar goron salla. Alhaji ya zo nan yana min ƙorafi wai girman nan ya fi tarar tsada, na ce ai kai ka nema.

Shekara ta zagayo, Garba ya yi ritaya shi ma, ya fita da fansho da katin ritayarsa. Na rubuta sunansa a kalanda, a kan Satumbar da ƙofarsa za ta buɗe, da niyyar in kira shi cikin watan. Ban samu damar kira ba. Ranar ɗaya ga wata na zo buɗe ofis, sai ga su a bakin ƙofa sun riga ni. Alhaji Issaka ya sha babbar riga, ido tar, ya riƙe wuyan hannun Garba gam kamar mai kai yaro makaranta. Ya gaishe ni, ni ɗin kaina, ya ce ashe sandar rigunan nan ta fi ni tsawo.

“Hajiya, na kawo yaron nan. Ki rubuta shi yau. Duk abin da ya ce miki kada ki saurara, ba shi da shawara mai kyau.”

Na ce su zauna, na zuba shayi, kofin farko na Alhaji. Na ce Malam Garba ya ba ni walat. Yana ƙoƙarin sa hannu a aljihu, abokinsa bai sake shi ba.

“Yaya, sakar min hannu mana. Ai ina gani.”

Alhaji Issaka ya ƙara damƙewa. Ya ce, “Ni ma haka na yi ta cewa.”